Jan Maɓallin da Ya Kusa Fitar da Baba Daga Makka

Ana kiran assalatu muka bar gida, ni da ƙanena da ya raka ni filin jirgi. Kano ba ta gama farkawa ba, sai masu shayi da ke hura wuta da 'yan adaidaita masu sammako. Tun a mota nake cika ina batsewa, don na san dalilin da ya sa aka tuna da ni. Ku da kuka ga hotona sanye da harami kuna ta rubuto mini "Umara karɓaɓɓiya, Alhaji," na gode, Allah ya bar zumunci. Amma ba Umara ce ta fitar da ni daga gida ba, aiki ne, kuma aikin da ya kusa haɗa ni faɗa da kowa.

Sana'ata gyaran injinan da ke zuba rim ɗin mota na alminiyam, wato ƙarfen nan mai ƙyalli da ake ɗora taya a kai. Na yi shekaru a wajen masu ƙera injinan a ƙasar waje kafin na tattara nawa ya nawa na dawo gida, muka yi da su cewa in aikin kwangila ya taso za su neme ni. Bai cika tasowa ba. In aiki mai maiƙo ne, nasu suke turawa. Sai ga wata masana'anta a gefen Makka da ke aiki da injinansu ta ishe su da kuka: layin zubi yana yawan tsayawa, rim ɗin da ke fita bai kai abin da aka yi alkawari ba, wanda ya fita ma da yawa sai an mayar da shi tukunya. Babban injiniyansu Bature ne, ba musulmi ba, ba shi da ikon taka garin. Aka duba aka duba, sai wani ya ce ai akwai Bahaushen nan. Takarduna suna hannunsu shekara da shekaru ba su tuna da su ba, kalmar shahadata suka tuna. Na karɓi aikin, amma na riƙe wannan a raina.

Jirgin cike yake da masu Umara. Kusa da ni wani dattijo ne da bai taɓa ɗaura harami ba, tun da muka tashi yake kokawa da zanen sama, ya ja nan ya zame can, har na ba shi fil ɗin da matata ta saka mini a jaka. Da aka sanar mun kusa miƙati, jirgi ya ɗauki talbiyya gaba ɗaya, har da masu barci. Duk fushin da na taso da shi sai da ya lafa. Ba zan ɓoye muku ba, hawaye na yi.

A Jidda zafin ba irin namu ba ne, mai laima ne, kana fita daga sanyin filin jirgi yake manne maka a jiki. Na biya otal ɗin da Baturen ya sauka, don a nan zai zauna ya riƙa ba da umarni ta waya. Mutumin kirki ne a mu'amala, ya miƙe ya gaishe ni, ya kalli haramina ya ce ko ba na jin sanyin na'ura. Ya ba ni hular kwano mai kyamara a goshi da abin sauraro na kunne, ya ce ni ne idonsa, ni ne hannunsa. Na ce to, kan fa, a otal zan bar nawa? Ya yi dariya, ni ban yi ba. Kafin mu rabu ya faɗa mini abin da kamfani yake so: in je in tabbatar cewa ma'aikata ne matsalar, sai a sayar wa masana'antar ƙarin robot da za su maye gurbinsu. Wato an riga an yanke hukunci, shaida kawai ake nema.

Hanyar Jidda zuwa Makka shimfiɗaɗɗiya ce, ba rami ko ɗaya, abin har ya ba ni haushi da na tuna hanyar unguwarmu. Duwatsu baƙaƙe dama da hagu, ba ciyawa, ba inuwa. Direban tasi ɗan Bangaladash ne, yana jin ni ɗan Najeriya ne ya ce mini "Sannu, yaya aiki, kawo kuɗi," iyakar Hausarsa ke nan, kuma ta ishe shi. Can gaba muka iso inda hanya ta rabu, ga allo babba yana nuna wa wanda ba musulmi ba inda zai kauce, ga shingen jami'an tsaro. Na ɗaga hular kwanon daga cinyata na juya kyamarar ta kalli allon, duk da ba a kunne take ba. Ƙuruciya ce, na sani, amma ta yi mini daɗi.

A unguwar Misfala na sauka, a wani tsohon gini mai lif da ke nishi kafin ya tashi. Unguwar ba ta barci kuma ba ta shiru: masu sayar da darduma da turare, masu tura keken tsofaffi, mahajjata da ƙafa suna gangarawa Harami kamar ana zuba su. Na yi Umarata a ranar, na aske kai. Ba zan iya kwatanta muku ganin Ka'aba ba, wanda ya gani ya sani. Abin da zan iya kwatantawa shi ne farashi. Kada ku kuskura ku riƙa juya riyal zuwa naira a ka, in ba haka ba kofin shayi ma ajiye shi za ku yi ku ce kuna azumi. Da safe ful, wato dafaffen wake, da gurasar tamis mai zafi, su ne abincin talaka kuma su ne suka fi daɗi. A wani lungu na tarar da Larabawa sun yi layi suna sayen nama mai ƙuli da yaji, suna ce masa siriya. Na ɗanɗana na ce, kai jama'a, tsirenmu ne ya yi hijira ya canza suna. Mai gasawar ya ji ni, ya amsa da Hausar Sakkwato tsantsa, ya ƙara mini yanka biyu.

Washegari motar masana'anta ta zo ta ɗauke ni. Direban ya bi ta wajen Muzdalifa don kauce wa cunkoso. Wurin da muke gani a talabijin maƙil da mutane da bas-bas, na same shi fayau, sai fitilu a tsaye da banɗakuna a jere da iska tana wasa da leda. Daga nan muka fita bayan gari inda masana'antu suke.

Manajan, wanda kowa ke kira Mudir, ya tarbe ni da Larabci, fari ƙal ɗin jallabiya, baƙi kamar ni. Muna cikin magana wayarsa ta yi ƙara, na ji ya ce "Na'am Inna, ina shugul, zan kira ki." Na ce au, ashe na gida ne. Ya ɗan ji nauyi, sannan ya ce kakansa ne ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa, ya yi shekaru a Sudan yana noma kafin ya iso, a nan aka haifi ubansa, a nan aka haife shi. Hausarsa rabi da rabi ce, in ta ƙare masa sai ya cike da Larabci.

Ya zagaya da ni. Ga masu son sani, ga yadda ake rim. Ana narka alminiyam a babbar tukunya har ya zama kamar ruwa. Iska ce ke tura shi ta bututu zuwa cikin wani mazubin ƙarfe mai siffar rim, a can galib suke ce masa. In ya daskare, galib ya buɗe, hannun robot ya ɗauko shi ya tsoma a ruwa, ya wuce na'urar hoto da ke leƙa cikinsa ko akwai rami, sannan gashi, sannan injin da ke fere shi, sannan fenti. Sirrin abin duka ɗaya ne: galib ya zauna da zafinsa. In ya huce, ƙarfen yana daskarewa tun bai cika ba, rim ya fito da ƙananan ramuka a ciki. Ido ba ya gani, amma ba mai hankalin da zai ɗora iyalinsa a kai.

'Yan aikin rana a layin zubi kusan duk namu ne, 'yan Najeriya da 'yan Nijar, kowa da igamarsa, wato takardar izinin zama da aiki. Babbansu wani dattijo ne ɗan Maraɗi, siriri, gemu fari, hannuwansa duk tabon ƙuna. Baba suke ce masa. Shi ke kula da tukunyar narka, kuma shi ne limaminsu.

A ofis Mudir ya rufe ƙofa ya ce, "Shuf ya muhandis, inji ba shi da mushkila. Mutane ne. Kulla salla, layi wagif. Mai masana'anta ya ce halas, igamarsu tana ƙarewa ba za a sabunta ba, kowa huruj." Muhandis injiniya ke nan, wagif kuma a tsaye. Huruj shi ne fita ta dindindin, a sa ka a jirgi a mayar da kai ƙasarku. Ya ce mai wurin zai zo kafin in tafi, abin da ake so kawai in faɗa a gabansa cewa na duba, laifin ma'aikata ne. Na ce sai na gani da idona.

Ban daɗe ina jira ba. Aka kira azahar, layi yana tafiya lafiya lau, robot yana ɗauka yana ajiyewa. Ma'aikata suka fara zare safar hannu ɗaya bayan ɗaya, suna alwala a gurguje. Da aka zo tada salla, sai na ga Baba ya taka zuwa allon sarrafa inji, ya ɗaga tafin hannu ya maka wa jan maɓallin nan na gaggawa. Ɗif! Komai ya mutu. Robot ya sandare da rim a hannu a sararin sama, iska ta fita da tsaki, wutar da ke ɗumama galib ta ɗauke. Baba ko waiwaye bai yi ba, ya wuce gaba ya kabbara. Baturen yana gani ta kyamarar goshina, ya yi wata ƙara a kunnena har sai da na zare abin sauraron. Na bi sahu na yi sallata, amma Allah ya gafarta mini, rabin hankalina yana kan galib ɗin da ke hucewa.

Sallar ba ta ɗauki wani lokaci ba. Tayar da injin ne ya cinye yinin. Sai da aka lallaɓa robot da hannu aka mayar da shi mazauninsa, aka fasa ƙarfen da ya daskare a bakin bututu, aka sake gasa galib. Rim ɗin farko da suka fito, na'urar hoto ta yi ta watsi da su. Layi yana daidaita ke nan, aka kira la'asar. Baba ya sake nufar jan maɓalli.

Da yamma na zauna da su a masaukinsu, aka kawo shinkafa buhari a faranti ɗaya muka sa hannu. Na tambayi dalili. Ashe wani tsohon shugabansu ne, bayan wata gobara da ta taɓa tashi, ya kafa musu doka cewa kada a bar inji yana aiki ba kowa a wurin. Rubutun allon kuwa ba da Larabci ba ne, ba da Hausa ba, ba da Faransanci ba. Maɓalli ɗaya ne kowa ya san aikinsa. Akwai wata hanyar tsayarwa a hankali, wadda inji zai gama rim ɗin da ke ciki ya tsaya da wutarsa a kunne, amma ba wanda ya taɓa nuna musu, kuma ko an nuna, dole wani ya tsaya a bakin tukunya. Su kuwa ba wanda zai yarda kabbarar farko ta wuce shi a garin Makka. Suna yi ne da zuciya ɗaya, suna ganin sun kiyaye dukiyar mutane sun kuma kiyaye salla.

A nan na ji labarin Baba. Ya shigo Makka da sauran ƙarfinsa, ya zauna a kan dutsen Nakkasa, unguwar talakawan baƙi, har aka zo rushe wurin, yana tsaye aka ture ɗakinsa. Matarsa a nan ta rasu, a nan aka binne ta. Ba shi da wani buri a duniya da ya wuce a yi masa salla a Harami a kwantar da shi a ƙasar da take. In aka ba shi huruj a wannan shekarun nasa, ba zai sake samun wata igamar ba, shi ma ya sani.

Na kwana da abin a raina, na tashi da shirin faɗa. Da Baturen na fara. Na ce masa ba zan ba da shawarar sayen ko robot ɗaya ba, don robot goma ma jan maɓalli ɗaya ne zai kashe su. Ya ce in tuna wa ya biya mini kuɗin jirgi. Na ce na tuna, in yana ganin zai fi ni, ga hanya nan, ya taho. Na cire hular kyamarar na ajiye a kan tebur tana kallon bango, na ari ta ma'aikata.

Sai Mudir. Na ce masa ba zan tsaya gaban kowa in ce a kori mutanen nan ba. Ya ce to sai a kawo wasu. Na ce, "Mudir, daga ina? Duk wanda za ka kawo sai ya wuce shingen nan na hanyar Jidda. In ya wuce, musulmi ne. In musulmi ne, zai ji kiran salla ya ajiye aiki. Kun gina masana'anta a Makka kun tsara ta kamar ba a salla a garin, sannan ku ce laifin masu salla ne?" Ya ce in yi a hankali da bakina. Na ce bakin ke nan, da shi aka haife ni. Na nemi abu ɗaya: ya ba ni dama zuwa ranar da mai wurin zai zo, in layi ya tsaya a lokacin salla a gabansa, ni da kaina zan ce na kasa. Ya daɗe yana juya carbi, sannan ya ce, "Tayyib. Amma Baba ba zai yarda ba. Na san irinsu, kakana haka yake."

Gaskiyarsa. Gyaran inji bai ba ni wuya ba. Na fito da tsayawar hankalin nan daga inda aka binne ta a cikin allo, na ɗora ta a kan koren maɓalli babba, na manna masa rubutu da Hausa da ajami da Larabci. Na tsara yadda in lokacin salla ya yi layi zai rage gudu, mutum uku su iya riƙe shi, sauran su je su yi jam'i, su dawo su karɓe su, ukun su yi nasu jam'in. Matsalar ita ce a cikin ukun nan dole akwai mai tukunya, kuma ba wanda masana'anta ta yarda ya tsaya wa narkakken ƙarfe shi kaɗai sai Baba.

Na same shi a bayan masana'anta yana shan shayi a inuwar tanki. Na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ajiye kofi.

"Muhandis, mi kake hwaɗi? In ji an tada salla in ba ta baya ina kallon tukunya? Kai da ka zo shekaranjiya cikin jirgi, kai za ka koya mini salla a Makka?"

Na ce, "Baba, ni ba malami ba ne, kuma ban isa in koya maka ba. Ba cewa na yi ka bar salla ba, ba cewa na yi ka bar jam'i ba. Na farko za ka bar wa yara, ka ja na biyu."

"Tun da na shigo garin ga sahun hwarko bai wuce ni ba. Sai yau, don ƙarhen mota?"

A nan raina ya ɓaci, na faɗi abin da har yanzu in na tuna sai na ji nauyinsa. Na ce, "Baba, ba don ƙarfen mota ba ne. An gama magana a ofis, huruj za a ba ku, kai da duk yaran nan da ke bin ka salla. Ko ka bar sahun farko, ko ka bar Makka. Na yi faɗa da Bature saboda ku, na yi da Mudir, in ta kama in yi da kai ma zan yi." Ya kalle ni kallon da mahaifina yake mini in na wuce gona da iri. Ya ɗauki kofinsa ya tafi. A ranar ma jan maɓallin ya danna, azahar da la'asar. Na koma Misfala a gajiye, na yi ɗawafi ina roƙon Allah kada ya sa ni ne na zo na ƙarasa abin da aka fara.

Ranar da mai masana'anta ya zo, bayan azahar ya iso, dattijo mai sanda da 'yan rakiya. Mudir ya kai shi wani ɗaki na sama mai gilashi inda ake hango layin duka. Ni na ƙi hawa, na tsaya ƙasa kusa da allo. Ban san abin da Baba ya yanke ba, don tun ranar bai sake yi mini magana ba, gaisuwa ma da kai yake amsawa.

Aka kira la'asar. Yara suka fara zare safar hannu suna satar kallonsa. Baba ya yi alwala kamar kullum, ya dawo yana share gemu, ya nufi allo. Na ga tafin hannunsa ya tashi. Hannun ya yi jim a sama, ja na nan, kore na nan. Ya danna kore. Layi ya sassauta, robot ya ci gaba da ɗauka a hankali, wutar galib tana ci. Ya juya ya kira wani ɗan Zinder mai karatu, ya ce, "Wuce gaba ka ja su." Yaron ya noƙe, Baba ya daka masa tsawa, ya wuce.

Aka kabbara a bayanmu. Baba yana tsaye a bakin tukunya, ya ba sahu baya, idonsa a kan ƙarfen da ke tafasa, leɓensa yana motsi. Ruwa yana gangaro masa a fuska, zafin wurin ya isa ya sa gumi, ban matsa in tantance ba. Na tsaya gefensa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Na tambayi malami a Harami. Ya ce ya halatta. Bai ce da daɗi ba."

Da suka sallame suka dawo da gudu suka karɓi aiki. Baba ya shiga gaba, ni da mutum biyu muka bi shi. Muna raka'a ta biyu na ji wani ya shigo sahu kusa da ni, ƙamshin turarensa ya gaya mini Mudir ne. Rim kuwa suna ta wucewa ta na'urar hoto, ba ta ture ko ɗaya ba.

Kada ku ɗauka an yi tafi an rungume juna. Mai wurin ya sauko, ya yi wa Mudir magana ƙasa-ƙasa, ya shiga mota. Na tambayi Mudir maganar igama, ya ce, "Nushuf," wato za mu gani. Na ce ban zo daga Kano don "za mu gani" ba. Ya ce iyakar abin da ke hannunsa ke nan. Haka na yi ɗawafin bankwana ban san matsayinsu ba. Na biya Jidda na mayar wa Baturen hularsa, ya karɓa da yatsa biyu, ya ce kamfani zai sake duba ko akwai buƙatar aiki da ni nan gaba. Na ce su duba da kyau, Makka dai tana nan inda take, shingen ma yana nan.

Na sauka Kano da jarkar zamzam da dabino da ciwon maƙogwaron da kowa ke dawowa da shi. Yara suka yi ta murna, matata ta ce na rame, ƙanena ya tambayi tsarabarsa tun kafin ya gaishe ni. Ni kuwa jikina yana gida, hankalina yana bakin tukunya. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, injin da aka ƙera a wata ƙasa ba ya sanin garin da aka kai shi, sai an koya masa. Masu lissafin tsayuwar layi daga nesa suna ganin lokacin da ya tsaya, ba sa ganin wanda ya tsayar da shi da abin da yake tsoro. Kuma namu ma, in ana son a tsaya musu, wani lokaci sai an tsaya a gabansu an faɗa musu mai ɗaci. Kamfanin bai sake kira na ba har yau, ban kuma neme su ba.

Ana nan, wata ranar Talata ina cikin gyaran janareton maƙwabci, saƙon murya ya shigo daga lambar Saudiyya. Na goge hannu na kunna. Ƙarar inji ce ta fara fitowa, robot yana ɗauka yana ajiyewa, can nesa kuma muryar ɗan Zinder ɗin nan tana kabbara. Sai muryar Baba, kusa da waya:

"Muhandis, igama ta hito, mu duka. Ga ni tsaye bakin tukunya, suna salla. Har yanzu ba daɗi. In ka ji na mutu, ka ce ma mutanen gida a Makka ne."